Ƙananan Kalmomi a Ɗakin Kwalba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Yaya gwiwar? Yaya kuma kunnen? Da kunnen nan naka yana jin waya da ban sha wahalar neman biro da ambulan ba, amma na san ko na kira sai dai in yi ta ɗaga murya kana tambayar wa ke magana.

Kawu, na haihu. Mace ce. Ta zo ba a lokacinta ba, ko wata bakwai ba ta cika ba. Ina kan keken ɗinki ina rage wa wata maƙwabciya tsawon labule ciwon ya taso, maigidana kuma yana gareji a ƙarƙashin bas. Ni dai na ji sauƙi, har an sallame ni. Ita aka riƙe. Tana cikin kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake sa bakwaini.

Ban san yadda zan kwatanta maka ita ba. Duk tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa tafina ba. Fatarta ja ce, ana ganin jijiyoyi ta ciki kamar zare a bayan yadi mai shara-shara. Amma Kawu, komai akwai. Yatsu sun cika, farce akwai, har gira an zana mata. Ni tela ce, na san ƙaramin ɗinki ya fi babba wuya. Jiya na daɗe ina kallon yadda aka naɗe kunnenta, sai na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan aiki. Ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri, wani inji yana taya ta numfashi.

Sun hana ni taɓa ta. Nas ɗin da ke kula da ita, wata doguwa mai furfura, ita ta faɗa mini tun ranar farko, ni kuma ban ja ba. Akwai ƙofofi biyu zagayayyu a jikin kwalbar, ta nan suke zura hannu su juya ta. Ni nawa ido. Ina zama a kujera daga safe zuwa yamma, hannuwana a kan cinya. Na gaya wa maigidana, shi ma in ya zo ranar hutunsa sai ya tsaya ya goya hannuwa a baya.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ƙasar nan komai da Turanci ake yi. Turancin kasuwa da na cikin bas ba ya gagarata, amma likita da wasu ƙananan kalmomi yake magana, kuma su ne waɗanda na guje wa a ajinka. Ka tuna kana gaban allo kana fama da su “can” da “may” da “must”, ni ina can baya ina zana riguna a bangon littafi? To ga shi sun biyo ni har nan. Na tambayi likita ko za ta rayu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, “She might need the machine for some time, but she should do well.” Na riƙe maganar a baki ina maimaitawa har na iso gida na rubuta. “Should” ai “ya kamata” ka ce mana. To wa yake yi wa faɗa? Yarinyar da ko ido ba ta buɗe ba zai ce ya kamata ta yi ƙoƙari?

Don Allah ka warware mini. A gaida Inna, a ce ta sa mu a addu'a.

Taka,
Tela

*

Zuwa ga ɗiyata Tela,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na karanta wa Innarki. Barka da arziki. Allah ya raya mana ita, ya ba ki lafiyar shayarwa. Innarki ta yi kuka ta yi dariya, ta kuma raɗa mata suna 'Yar Kwalba kafin kowa ya riga ta. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Kunne kuwa ya huta da surutun duniya, ba na ƙorafi.

Ashe dai za a dawo ajina. Na yi shekaru ina jiran wannan rana, sai dai ban so ta zo ta ƙofar asibiti ba. Zauna ki ji.

Likita bai yi wa kowa faɗa ba. “Should” fuska biyu gare shi. Akwai mai riƙe da bulala, wanda na riƙa jefa miki: “You should listen.” Akwai kuma na sa rai, wanda mutum ke faɗa in ya duba abu da ilminsa ya ga inda ya dosa. In bas ya saba zuwa da hantsi, sai a ce “It should come soon,” ba wanda ya ba bas umarni. Abin da likitanki ya ce shi ne, bisa abin da ya gani, yana kyautata zaton za ta yi kyau. Maganar alheri ce, ki kwantar da hankalinki.

Ki ɗauke su kamar matakala. “Might” yana ƙasa, ƙila ne mai rauni. “May” ya ɗan ɗara shi. “Should” ya hau sosai. “Will” yana can sama, kuma likitan kirki ba ya saurin taka shi. Mu in za mu yi maganar gobe sai mu ce “za ta”, mu bi da “in Allah ya yarda”, mu bar sauran a hannun Mai shi. Su kuwa sun ɗauki rashin sanin goben nan sun yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sunanta. Na koyar da wannan har alli ya cinye mini yatsu, ina ba yara misali da ruwan sama da zuwa kasuwa. Ban taɓa tunanin wata rana za a auna ran jikata da su ba. Da na karanta jimlar likitan nan sai da na cire tabarau na ajiye.

Wani abu kuma da zai taimake ki gane su. Ba sa canza riga don kowa. Ko ni, ko ke, ko ita, “can” yana nan “can”. Aikatau ɗin da ya biyo su kuma tsirara yake zuwa, ba “to” a gabansa, ba “s” a bayansa: “she can breathe”. Saboda haka in likita ya buɗe baki, ki bar dogayen kalmomin cuta su wuce, ba naki ba ne. Ki kama ƙaramar da ta zo bayan “she”, a nan zuciyarsa take.

Maganar hana taɓawa, ki yi haƙuri ki bi. Su suka san abin da suka gani, kuma jikin bakwaini ba ya son ƙwayar cuta. Na san da ciwo. Lokaci zai zo.

Aikin gida: duk jimlar da aka faɗa miki mai ɗauke da irin waɗannan kalmomi, ki rubuto mini ita yadda aka faɗe ta, kada ki fassara. Wannan karon babu bayan aji, ke kaɗai ce ɗalibar.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ka ce wa Inna sunan ya kama, har maigidana 'Yar Kwalba yake cewa. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na zaman kujera. Ina tatsar nono ina ba su, suna ɗura mata ta wani siririn bututu da ya bi ta hanci.

Kawu, ka buɗe mini kunne. Tun da na karanta takardarka nake jin kalmomin nan ko'ina, kamar da can a toshe nake. Ashe mutanen nan ba sa iya minti ɗaya ba su taka ɗaya ba. A bas wani dattijo ya ce mini, “Could you move a little?” A kanti mai awo ta ce, “Shall I wrap it?” Ba wanda ke cewa matsa, ko kawo. Komai sai an naɗe shi. Rannan mai shara a asibiti ta dube ni ta ce, “You must be tired.” Na ce a raina, ikon Allah, yau kuma gajiya ce ta zama dole? Sai da na zauna na gane ba umarni take ba ni ba, idona ta gani ta ce lalle na gaji. Wato “must” ma fuska biyu gare shi. Wannan ni na gano da kaina, a ba ni maki.

An cire mata babban injin. Likita ya ce, “She can breathe on her own now.” Na kama “can” ɗin nan kamar yadda ka ce. Na tsaya ina kallon ƙirjin nan da bai kai tafin hannuna ba yana aikinsa shi kaɗai, ba wanda ya koya masa. Ta buɗe ido kuma. Ba ta kallon komai, amma ta buɗe.

Abin da ke damuna shi ne nauyi. Kullum da safe suna ɗora ta a sikeli, kullum nas mai furfura tana ɗan taɓe baki. Likita ya ce, “She should be gaining more by now.” Wannan “should” ɗin bai yi mini daɗi ba, na ji sa rai ne da bai cika ba.

Ka ce in rubuto jimloli yadda suke. Ga ta ranar farko, wadda aka hana ni da ita. Nas ta buɗe ƙaramar ƙofar kwalbar, ta dube ni ina rawar jiki, ta ce, “You don't have to touch her,” ta ƙara wani abu da ƙarar inji ta hana ni ji. Na tuna ka ce mana “have to” da “must” ɗan juma ne da ɗan jummai, duk dole ne. To “don't have to” ka ga “must not” ke nan. Na ja hannuna baya tun daga ranar.

Suna da kirki dai, suna tausaya mini. Sau da yawa nas takan ce, “Would you like to hold her?” Na tuna “would” shi ne “will” na jiya, wato tana cewa da so samu ne da kin riƙe ta ko? Ni kuma don ta san ban manta da dokarsu ba, kuma ba zan ba su matsala ba, sai in yi murmushi in ce, “I don't have to.” Sai ta rufe ƙofar. Kwanan nan ta rage yi mini fara'a, ban san me na yi mata ba.

Matar da ɗanta ke kwalbar kusa da tamu kullum sai an ciro shi an kwantar mata a ƙirji, a cikin riga. Nata ya fi tawa ƙwari, na san shi ya sa. Ba na hassada, Allah ya sani. Amma in aka ciro shi nakan juya kujerata in fuskanci taga.

A gaida kowa da kowa.

Taka,
Tela

*

Tela,

Sallama da gaisuwa, muna lafiya, sauran bayani sai wata takardar. Ki karanta wannan da kyau, ki tashi ki tafi asibiti.

Ba a hana ki ba. Ba a taɓa hana ki ba. Gaskiya ne “must” da “have to” tare suke tafiya, amma da an sa musu “not” sai su raba hanya. “You must not” shi ne kada. “You don't have to” kuwa ba dole ba ne, in kin so ki yi, in ba ki so ki bari. Matar nan ta ga kina rawar jiki ne ta ce ba sai kin taɓa ta yanzu ba in ba ki shirya ba. Ta buɗe miki ƙofa, ke kika ji an rufe.

“Would you like” kuma ba maganar jiya ba ce, tayi ne, irin wanda ake yi wa baƙo da ladabi. Kullum tana miƙo miki 'yarki. Ke kuma kina murmushi kina ce mata ba dole ba ne ki ɗauke ta. Ki tsaya ki ji yadda wannan zai sauka a kunnen wadda ba ta san zuciyarki ba. Shi ya sa ta daina fara'a.

Ni ma da na ce ki bi doka ban nemi jin jimlar ba tukuna. Ki ajiye waccan shawarar.

Ki je ki ce, “May I hold her?” Kalma huɗu ce. In bakinki ya ƙi, ki miƙa hannuwa kawai, za su gane.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Ko gwiwar ce ta kwantar da kai? Ko Inna ce ba ta jin daɗi kuke ɓoye mini? In kuwa aikin gidan ne bai yi kyau ba har ka yi fushi, ai gara ka dawo mini da shi da jan biro kamar da.

Ko da yake ƙila ka rubuto ban gani ba. Na bar gida. Asibiti sun ba ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, gado ɗaya da kujera da wurin wanke hannu, inda iyaye ke kwana in jikin yaro ya motsa. Maigidana kuma an tura su wani gari gyaran motocin kamfani, mabuɗin akwatin wasiƙu yana aljihunsa.

Jikinta ya motsa, Kawu. Wani ciwo ya shiga ƙirjinta, an mayar da ita kan inji. Likita ya dawo ƙasan matakalarka, yanzu “might” nake ji safe da yamma. Shekaranjiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “You might want to stay close.” A da sai in ce ƙila ne mai rauni, in tafi gida in yi wanki. Amma na ga yadda ya sauke murya. Na gane wani lokacin in abu ya yi nauyi sosai, da mafi ƙanƙantar kalma suke ɗauko shi. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni mamaki.

Akwai wani abu kuma. Wata mata ta zo, ba nas ba ce, ba likita ba, da kayan gida a jikinta. Ta zaunar da ni ta riƙa tambayata a hankali ko ina barci, ko ina kuka, ko ina jin yarinyar tawa ce. Wace irin tambaya ce wannan? Daga ƙarshe ta ce, “We may need to talk about who will care for her.” Wa zai kula da ita in ba ni ba? Na bi duk abin da suka ce. Ban taɓa ko gilashin da hannu ba sai na goge. Me kuma suke so in yi?

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa maigidana ba. Ba mutuwarta kaɗai nake tsoro ba, wannan na Allah ne. Tsorona ta tafi ban san ɗumin jikinta ba, ita ma ba ta san nawa ba. Hannun kowa a ɗakin nan ya taɓa ta, har ɗalibai masu koyon aiki.

Don kada hannuwana su haukace na sayo zaren ulu da kwarashi, ina saƙa huluna ƙanana. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Taka,
Tela

*

Tela,

Muna lafiya, ba abin da ya same mu sai ke. Takardarki ta nuna mini tawa ba ta iso hannunki ba, tana kwance a akwatin gidanku. Tun da na gane haka na kasa zama. Innarki ta ce in na ci gaba da zagaya tsakar gida gwiwar za ta cire ta bar ni.

Ban san sunan ɗakin da kike ba, ga wannan na aika da sunan asibitin, ko Allah zai sa wani ya neme ki. Ba a hana ki taɓa ta ba. “Don't have to” ba dole ba ne, ba “kada” ba ne. Ki sa hannu.

Na yi rayuwata ina gaya wa yara kalma ɗaya tana iya sauya jimla. Ashe ni ma a baki kawai na san haka.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ka zauna, ka huta da zagaya tsakar gida, ka ce wa Inna ta shafa maka man zafi. Takardunka biyu sun iso jiya kusan tare, ɗaya a hannun maigidana da ya dawo, ɗaya a hannun mai rabon wasiƙun asibiti da ya sha yawo da ita. Na karanta na yi kuka, duk da cewa sun tarar an riga an buɗe ƙofar. Bari ka ji yadda aka yi.

Hulunan da nake saƙawa sun taru, na rasa yadda zan yi da su. Sai na zaɓi guda shida na sa a leda na kai wa nas mai furfura, na ce na yaran ɗakin ne. A raina ina neman shiri da ita. Ta zazzage su a tebur, ta sa yatsu biyu cikin ɗaya ta ɗaga, idonta ya kawo ruwa. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Oh, you didn't have to.”

Na zaci na sake karya wata doka. Na miƙa hannu zan kwashe kayana. Sai na ga ta rungume su a ƙirji tana dariya, tana kiran sauran su zo su gani. Na tsaya ina kallonta. Wanda aka yi wa abin da ya hana ba ya murna haka. Wannan ai abin da Inna ke cewa ne in an kawo mata tsaraba: har da wahala haka, ai da ba ki yi ba. Ba dole ba ne, amma an ji daɗi.

Kawu, sai na ja da baya. Na zauna a kujerar da ke kusa, jimlar ranar farko ta dawo mini, na juya ta na sake juyawa. Makonnin nan duka. Na tashi na kama hannun rigarta, Turancin duk ya watse, abin da ya fito kawai shi ne, “I can touch?” Na san ba haka ake jera ta ba, kada ka ɗauko jan biro.

Ta dube ni ta daɗe. Na ga lokacin da ita ma ta gane, ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta ce, “You thought you couldn't?” Na gyaɗa kai. Ta ja ni wurin famfo ta wanke mini hannu da kanta har gwiwar hannu, kamar yarinya.

Na zura hannu ta ƙaramar ƙofar. Cikin akwai ɗumi. Ta nuna mini kada in shafa, fatar ba ta son shafa, in dai ɗora tafin in bar shi. Na ɗora a bayanta. Tafina ya rufe bayan duka. Na ji zuciyarta tana bugawa a tsakiyar hannuna, da sauri, da ƙarfi, ba ta san ma ita ƙarama ba ce. Ban taɓa jin abin da ya girgiza ni haka ba. Na rasa addu'ar da zan yi, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Da ciwon ƙirjin ya lafa suka ciro ta da wayoyinta suka kwantar mini a cikin riga, fata da fata. Nas ta nuna mini allon injin, lambobin da ke tsalle suka sauko suka daidaita. Ta ce jikina ne ke gaya wa nata yadda ake yi. Ashe maganin da suke ta jira in kawo ke nan, ni kuma ina zaune da shi a kan cinya. Matar nan mai tambayoyi ta dawo, aka yi mata bayani, ta riƙe hannuna ta ba ni haƙuri, ta ce laifinsu ne da ba su nemo mai jin harshena ba. Na ce mata ni ma da na yi tambaya.

Maigidana da na gaya masa sai ya miƙe. Ya je famfo ya yi ta dirzar baƙin mai daga farcensa har nas ta ce ya isa haka. Ya sa ɗan yatsa ɗaya, yarinyar ta kama, ya juya mana baya kafaɗunsa suna rawa.

Nauyinta ya fara hawa. Likita bai kai saman matakala ba tukuna, ni ma ban matsa masa ba.

Ka yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace, na san ba haka ka koya mini ba. A kan gwiwa nake yi, da hannu ɗaya. Ɗayan yana ƙarƙashin jikarka, ta yi barci, kuma ba zan motsa shi ba.

Taka,
Tela